Innar Tudu

Tun da hantsi Shadliya ta sauke tukunya. Kuskus ta yi da naman rago, ragon da take kiwo tun kaka saboda wannan rana. Ta share tsakar gida har sau biyu, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a ƙarƙashin inabi, ta yafa jan mayafinta na biki ta maƙala masa allurar azurfa. Yau Lutfi zai dawo, ɗanta tilo, bayan shekarun da ya kwashe yana aiki a jiragen kamun kifi na tsibirin Sikiliya, can ƙetaren teku. Zai zo da matarsa Sausan, wadda Shadliya ba ta ƙara gani ba tun ranar biki a birnin Safakus, da 'yarsu Rim da ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗauka ba.

Aka kira azahar, shiru. Kitsen da ke saman miya ya fara daskarewa. Tana cikin leƙen ƙofa sai maƙwabciyarta Burniya ta ɗora haɓa a kan katanga.

"Wai ke har yanzu jira kike yi? Ai tun ɗazu suka sauka."

"Suka sauka ina?"

"Gaɓa mana, gidan Galiya. Maigidana ya wuce ta ƙofar, ya ce ya gan shi ya naɗe hannun riga yana shan miyar sha'ir da busasshen kifi, har gumi yake yi."

Shadliya ta ce, "Ai dole, motar a can take tsayawa." Ta faɗa da murya sakayau kamar ba komai. Da Burniya ta sauke kai, sai ta rufe tukunyar da ƙarfin da murfin ya yi ƙara.

A baki Marsa Tarfa gari ɗaya ne, amma kowa ya san biyu ne. Akwai Tudu, inda tsohuwar hasumiyar Turkawa take, da gonakin zaitun, da mutanen da ke cewa kakanninsu ne suka kafa garin. Akwai Gaɓa, inda masunta suke, mutanen da Tudu ke cewa teku ce ta watso su. Tsakaninsu fadamar gishiri ce, fara ƙal da rani, da damina kuma taɓo, sai wata siririyar gadar ƙasa da ta haɗa su. Shadliya 'yar Tudu ce gaba da baya. Kifi ma in za ta saya, sai dai a hawo mata da shi.

Shekarar babban ruwa aka haifi Lutfi. Ko arba'in ba a yi ba zazzaɓi ya kwantar da ita, nononta ya ƙafe. Mijinta Belgasim ya naɗe jaririn a bargo ya sauka Gaɓa wurin Galiya, matar wani masunci da nata ɗan ya koma kwana kaɗan da haihuwa. A yinin nan sama ta buɗe baki. Kwari ya kawo, gadar ta tafi, fadama ta haɗe da teku. Kafin a iya ƙetarawa, kafin ita ma ta iya tsayuwa da ƙafafunta, an kwashe watanni. Ranar da ta sauka ta miƙa hannu za ta ɗauki ɗanta, yaron ya tsala ihu ya cusa kai a ƙirjin Galiya. Aka ce a bar shi har yaye. Da aka yaye shi aka dawo da shi Tudu, amma ƙafarsa ba ta taɓa daina gangarawa ba. Da bakinsa ya buɗe, Galiya ya kira Inna. Ita kuwa da ta haife shi, ya ce mata Innar Tudu. Mutane suka yi ta dariya, wai yaro mai wayo. Ita ba ta taɓa jin abin dariya a ciki ba.

Sai bayan la'asar suka hawo. Lutfi ya shigo da faɗin kafaɗunsa irin na uban, ya rungume ta ya sumbaci goshinta.

"Innar Tudu! Wallahi ke ba kya tsufa."

Duk fushin da ta tara ya narke, hawaye suka zubo mata. Ta riƙe fuskarsa tana dubawa. Sai hancinta ya jiyo warin kifi da tafarnuwa a bakinsa.

"Ka ci abinci ke nan."

"Inna ce ta tsare mu. Kin san halinta, in ba ka ci ba sai kuka."

"Ni ai ba na kuka, shi ya sa."

Ya yi dariya, bai gane ba, ko ya yi kamar bai gane ba. Aka zuba kuskus. Ya ɗan tattaɓa, ya yaba, ya ce gobe zai cinye sauran. Sausan ce ta daure ta ci da ladabi, tana cewa, "Gwaggo, hannunki da albarka." Rim kuwa ta maƙale a bayan uwarta, hannunta dunƙule da wata farar ƙumba. Shadliya ta miƙa mata alewar riɗi, yarinyar ta ƙi buɗe hannu don kada abin da Galiya ta ba ta ya faɗi.

Ana shan shayi Lutfi ya ce ya dawo ke nan, ya gaji da ƙasar mutane. Zai sayi ƙaramin jirgi, zai gina gida.

Zuciyar Shadliya ta yi fari. "Ga filin ubanka nan bayan hasumiya. Iska, inuwa, zaitun har ƙofar ɗaki."

Ya sosa ƙeya. "Inna ta ce in ɗauki filin da ke bayan gidanta, na mijinta marigayi Baba Sasi. Daga nan zuwa inda ake jan jirage taku kaɗan ne."

"Filin ubanka fa?"

"Innar Tudu, ni masunci ne. In riƙa ɗauko taru a ka ina hawa tudu kamar jaki?"

"Ubanka ya hau shi har ya mutu, ba wanda ya kira shi jaki."

"Baba ai manomi ne."

Ta tashi ta kwashe kofunan shayi.

A gidanta suke kwana, wannan kam ba wanda ya isa ya hana. Amma gari na wayewa Lutfi ya gangara duba jirage, ba a jima ba Sausan ta kama hannun Rim ta bi shi. Shadliya sai ta hau soro da sunan shanya tumatir. Daga nan ana ganin komai. In ruwa ya janye, teku kan bar fili mai nisan gaske, laka tana ƙyalli, matan Gaɓa su bazu a kai da bokitai da ƙananan lauje suna tonon ƙumba. Daga nesa kamar kaji suke, amma ita ko cikin dubu za ta fitar da Galiya, saboda ɗingishinta. Ga wata 'yar mitsitsiya da jar riga tana tsalle a gefenta. Ran nan ta ga Galiya ta sunkuya ta goya yarinyar, tsohuwa da ciwon gwiwa, sai Shadliya ta ji kamar an zuba mata garwashi a ƙirji. Tumatir ɗin da ke hannunta ta matse shi bai san hawa ba bai san sauka ba.

Galiya ta ɗauke uban yarinyar, yanzu 'yar ma za ta ɗauke. In aka gina gidan nan a Gaɓa, Shadliya ta san abin da zai biyo baya. Za a riƙa hawo mata ranar sallah, a gaishe ta kamar wata dangin nesa, a karɓi man zaitun a gangara.

Ta zaɓi ranarta da kyau. Ranar da iskar gabas ta taso, ruwa ya cika har bakin gidaje, ciyawar teku da ta ruɓe ta game unguwa da ɗoyi. Lutfi ya fita da wani jirgi gwaji. Ta ce wa Sausan, "'Yata, zo ki raka ni in ga filin nan da za a gina muku. Kada a ce uwar miji ba ta damu ba."

Suka bar Rim wurin Burniya suka gangara. Ba ta bi da ita ta hanyar kasuwa ba, ta bi ta ƙarshen unguwa. Ta tsaya a gaban wani kango da rabinsa ke cikin ruwa, igiyar ruwa tana shiga ta ƙofar ɗaki tana fita.

"Gidan su Jabir ke nan. Lokacin da aka yi mini aure, tsakaninsa da ruwa akwai dabino layi biyu da filin shanyar taru."

"Ina dabinon?"

Shadliya ta nuna teku da haɓa.

Suka wuce tsohuwar maƙabartar masunta, inda ruwa ya cinye gefe guda, duwatsun kaburbura suka kwanta cikin yashi. Ta kai ta jikin wani bango ta ce ta taɓa. Sausan ta taɓa, farar ƙasa ta zubo mata a hannu, jiƙe, da gishiri.

"Haka bangon kowa yake a nan. Da sanyi yaransu tari suke yi har bazara. Rijiyarsu ma ta koma ruwan gishiri, sai dai wanki." Sannan ta saki wadda ta ɓoye. "Can wajen wancan turken ne 'yar Mas'uda ta tafi. Kamar Rim take. Uwar na tonon ƙumba, ruwa ya dawo ta bayansu. In zai dawo ba ya sallama."

Sausan ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah. Gwaggo Galiya ba ta taɓa gaya mini ba."

"Ina za ta gaya miki? Su sun saba."

Ba ƙarya ko ɗaya a cikin abin da ta faɗa, da wannan ta riƙa lallashin zuciyarta. Ba ta dai ce shekara talatin da wani abu ke nan da rasuwar 'yar Mas'uda ba, ba ta kuma ce filin Sasi yana kan dutse, nesa da inda ruwa ke ci ba. Da suka iso filin ma Sausan ko kallon kirki ba ta yi masa ba, hancinta na cikin gyale.

A hanyar komawa, kan gada, Sausan ta fara tambaya.

"Gwaggo, a Tudu fa, ruwan sha daga ina?"

"Na sama muke tarawa a rijiyar tsakar gida. Ba ruwan da ya kai shi daɗi."

"In ba a yi ruwa ba fa?"

"Sai mota ta kawo mu saya. Ba kullum ba ne."

"Makaranta?"

"Tana Gaɓa. Yara na gangarawa."

"Ta wannan gadar? To in yaro ya kwana da zazzaɓi, ina ake kai shi?"

"Akwai malamin asibiti da ke zuwa ran kasuwa."

Sausan ta ce, "To." Shadliya tana ta murna a ranta, har hawan tudun bai dame ta ba. Ba ta lura Sausan ta daina kallon hagu da dama ba.

Kwana kaɗan aka yi ana ƙus-ƙus a ɗakin baƙi. Wata safiya Lutfi ya fito ya tsuguna kusa da ita tana tankaɗe.

"Innar Tudu, mun fasa ginin Gaɓa."

Ta ci gaba da tankaɗe don kada ya ga bakinta. "Allah ya sa haka ya fi alheri."

"Safakus za mu koma. Baban Sausan ya ce mu gina a saman gidansa, kuma akwai jirgin da ke neman mutum a tashar can."

Rariyar ta tsaya a hannunta. "Safakus? Filin ubanka fa?"

"Ta ce ba za ta iya ba. Ba ruwa, ba asibiti, makaranta kuma sai Rim ta ratsa fadama. Gaɓa kuwa ko sunanta ba ta son ji, har mafarkin ruwa take yi. Ban san wa ya tsorata ta haka ba."

Ya dube ta. Ta dubi garin da take tankaɗewa. Bai ƙara tambaya ba, ya tashi ya fita, kuma ta ji ƙafarsa ta nufi gangare.

Washegari da hantsi ta ji ana buga ƙofa da sanda.

"Shadliya! Fito, na san kina ciki."

Galiya ce, tana haki, zanenta jiƙe da laka har gwiwa, ta dogara da guntun itacen tuƙin jirgi. Rabonta da Tudu tun rasuwar Belgasim. Burniya tuni ta ɗora haɓa a katanga.

"Shigo mana, kya tsaya a ƙofa kamar mai talla?"

"Ba zama ya kawo ni ba. Me kika gaya wa yarinyar nan?"

"Na yi ƙarya ne? Gidan su Jabir ba ya cikin ruwa?"

"Da ƙarya kika yi ai da sauƙi, sai in ƙaryata ki. 'Yar Mas'uda! Kika tono yarinyar mutane daga kabari don ki tsorata baƙuwa. Ni na wanke gawar nan da hannuna, ke kina nan sama kina shanya tumatir."

"Ɗana ne. Ina da ikon in so shi kusa da ni."

"To ga shi nan kusa da ke, a Safakus!"

Maganar ta sami Shadliya a inda take ciwo. Ta miƙe tsaye. "Ke kika ja. Shekara da shekaru kina janye shi da miyarki. Ya sauka daga mota, ni na haife shi, ina zaune da rago guda a tukunya, kika tsare shi. Ko kunya ba ki ji ba?"

"Kunya?" Galiya ta yi wata dariya mara daɗi, ta zauna a bakin rijiya ba don an ba ta wuri ba, gwiwar ce ta ƙi. "Ke me kika rasa? Sunan mijinki yake amsawa. Hancinki ne a fuskarsa, duk wanda ya gan shi ya gan ki. Ranar bikinsa wa aka zaunar kusa da amarya ana ɗaukar hoto? Ni ina can baya wurin masu wanke-wanke, dangin amarya na tambaya wai wace ce wannan mai ɗingishin. A gidanki yake kwana. In ya mutu a Tudu za a binne shi. Ni abin da nake da shi duk duniya kwanon miya ɗaya ne, shi ma ya tsone miki ido."

"Kina da Inna."

"Me?"

"Inna yake ce miki. Ni kuwa sai an haɗa da tudu, kamar akuya." Muryarta ta karye, ta ji haushin karyewar. "Ki ba ni Innar, ki ɗauki hancin."

Galiya ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago, sai idonta ya faɗa kan Burniya.

"Ke kuma wuyanki bai gaji ba?"

Kan Burniya ya nutse. Galiya ta dafa sandarta ta miƙe da ƙyar. Shadliya ta ga yadda ƙafar ke rawa, ta san gangarar nan ba ƙaramin aiki ba ne, amma ba ta ce ta tsaya ta sha ruwa ba. Galiya ma ba ta nema ba.

Kafin watan ya ƙare suka tafi. Ranar tafiyar Lutfi ya ciro wata 'yar wayar hannu daga kwali ya damƙa wa uwarsa. Lokacin wayoyin nan ba su daɗe da shigowa ba, kuma duk Marsa Tarfa ba inda suke kamawa sai Tudu, Tudun ma sai an hau soro.

"Duk Juma'a bayan la'asar zan kira. Ki danna koren nan kawai." Ya ƙara da cewa, "Na gaya wa Inna ta riƙa hawowa. Don Allah, Innar Tudu."

Ta karɓa ta ƙulle a bakin mayafi. Wani daɗi ya ratsa ta duk da baƙin cikin da take ciki. Yau dai ga abu a hannunta da sai an zo an same ta.

Juma'ar farko ta yi zaton Galiya ba za ta zo ba. Sai ga ta, ta taso tun azahar tana hutawa a hanya. Matakalar soron ce ta gagare ta. Shadliya ta tsaya a sama tana kallonta tana fama, har ta kai rabi, sannan ta yi tsaki ta sauko ta kama ta a hammata.

"Kin yi nauyi kamar buhun gishiri."

"Ke kuma hannunki kamar ƙaya."

Wayar ta yi ƙara, Shadliya ta danna. Lutfi ya tambaye ta lafiya, ya tambayi zaitun, ta tambaye shi ko yana cin abinci, aka sa Rim ta ce mata kaka. Sannan ya ce, "Inna na kusa?" Ta miƙa, amma ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Galiya ta riƙe wayar da hannu biyu tana ihu a ciki kamar mai kiran jirgi daga nesa, tana ba shi labarin wani masunci da ya faɗa ruwa garin gyaran wando. Daga inda take tsaye Shadliya tana jin dariyar Lutfi tana fitowa siririya, irin dariyar da har yakan shaƙe.

Haka abin ya zauna. Duk Juma'a Galiya ta hawo, wani lokaci da kifi a ƙunshe ta ajiye a bakin rijiya ba ta ce na wane ne ba. Shadliya ta dafa shayi ta zuba kofi biyu, ita ma ba ta ce na wane ne ba. Maganar filin Sasi ko ta 'yar Mas'uda ba wadda ta ƙara tayarwa. A sauran kwanakin mako kuwa Shadliya ta shiga wani sabon aiki: tattara labarai. Ita da ba ta shiga gulma, sai ga ta tana tsayar da Burniya a katanga tana tambayar wa ya yi me, jakin wa ya ɓalle, wa matarsa ta kora. Ta riƙa maimaita su a ranta tana gyarawa.

Wata Juma'a ta ba Lutfi labarin limamin Tudu da ƙudan zuma suka bi har cikin masallaci. Ya yi dariya sosai, har ta ji Sausan na tambayarsa lafiya. Ta miƙa wa Galiya wayar tana kallonta ido cikin ido.

"Ga shi. Ki yi sauri, yau ya gaji da dariya."